UWA, GA YADDA ZA KI KULA DA ƊINKIN YARONKI A GIDA

An yi wa yaronki aiki, an sallame ku daga asibiti. To, sauran aikin yana hannunki. Ko aikin ƙaba ne, ko kaciya, ko wata tiyata, babban abin gudu shi ne datti ya shiga ciwon.

Kafin ki taɓa wurin, wanke hannuwanki da sabulu da ruwa. In kin gama ki sake wankewa.

Kwana 2 na farko kada ruwa ya taɓa bandejin. Goge masa jiki kawai da tsumma mai tsabta. In bandejin ya jiƙe da fitsari ko kashi, a canza shi nan take. In malamar asibiti ta ce ki riƙa wanke ciwon, tafasa ruwa rabin lita, ki zuba gishiri ƙaramin cokali 1, ki bari ya huce. Goge da auduga daga kan ɗinkin zuwa waje. Audugar da ta yi shafa ɗaya a yar da ita.

KADA KI SA toka, ko ƙasa, ko kashin shanu, ko man shanu, ko garin ganye. Kada ki fasa kafso ki barbaɗa. Ko kaka ce ta kawo, ki ba ta haƙuri. Ƙasa da kashin dabba suna ɗauke da ƙwayar ciwon nan mai sa haƙora su sarƙe, kuma yana kisa.

Ciwo in ya fara warkewa yakan yi ƙaiƙayi. Yanke masa farce, ki sa masa riga mai sakewa, ki kare wurin daga ƙuda. Wasan ƙasa da kokawa su dakata tukuna.

Wai ƙwai da gyaɗa suna sa ciwo ruwa? Ba haka ba ne. Ƙwai, wake, gyaɗa, kifi da madara su ne ke gina sabuwar tsoka. Mai shan nono a ci gaba da ba shi. Don zafi, ba shi farasitamol yadda aka rubuta. Ban da asfirin ga yaro.

Zare iri biyu ne. Wani yana narkewa da kansa, wani sai an cire, yawanci bayan kwana 7 zuwa 10. Tambayi irin naku. Kada wanzami ko ke kanki ku cire.

KI DAWO DA SHI ASIBITI, KO DA DARE NE, IN KIN GA:
zazzaɓi;
mugunya ko wari;
kumburi da zafi suna ƙaruwa;
ɗinki ya buɗe;
amai kore, ko ciki ya kumbura;
ya ƙi nono, ko ya yi laushi.

In jini ne ke zuba, danne da tsumma mai tsabta, kada ki ɗaga, ku taho a haka. Ki riƙo katinsa.