Magani a cikin dusa: yadda ake kiwo a Kekun Waje

A Kekun Waje da ke ƙaramar hukumar Bungudu, da wuya ka shiga gida ba ka tarar da turke da akurki ba. Maigida yana da shanun huɗa, ko sa guda da ya turke domin kasuwa. Kaji kuwa na uwargida ne, su ne ajiyarta. In yaro ya kwanta ciwo ko biki ya taso, sai a kama zakara a sayar. Tun da satar shanu ta addabi Zamfara, daga wajen 2011 zuwa yau, dabba ta koma kwana kusa da mai ita. Hakan ya tsare dukiyar wasu, amma ya tara kashi da fitsari da laima a ɗan fili guda, kuma irin wurin da tsutsa ke so ke nan.

Da hantsi ake dama dusa a daro, a zuba kowar wake da angurya, a barbaɗa ɗan gishiri ko kanwa. A cikin wannan damu ne mutane da dama ke murƙushe ƙwayar maganin tsutsa da suka sayo a Gusau, saboda ɗura wa babban sa magani ta baki aikin ƙarti biyu ne ko uku. Dabarar tana da kyau. Inda ake samun tangarɗa shi ne wajen ba da shi.

Tsutsar ciki tana zuba ƙwai, ƙwan ya fito da kashi, ya ƙyanƙyashe a ƙasa mai laima, ƙananan su hau ɗanyar ciyawa, dabba ta haɗiye su. Kamar mako 3 bayan nan su ma sun fara nasu ƙwan. Shi ya sa damina ce lokacinta. Makiyayi yana gane ta tun kafin a faɗa masa: maraƙi yana ci amma ya ƙi ƙiba, gashi ya tashi, ga zawo, cikin fatar ido ya yi fari, wani lokaci ƙarƙashin haɓa ya kumbura da ruwa. Tsutsar hanta hanyarta daban ce. Sai ta bi ta jikin wani ƙaramin dodon koɗi da ke zaune a fadama da bakin tafki kafin ta maƙale a ciyawa. Mahauta sun fi kowa saninta, don su ke yanka hanta su tarar da jijiyoyinta sun yi kauri sun yi tauri, tsutsar na fitowa fale-fale kamar ɗan ganye.

To, maganin tsutsa da nauyin dabba ake auna shi. In aka zuba rabon shanu uku a daro ɗaya, ƙaƙƙarfan cikinsu zai ture sauran ya cinye fiye da nasa, ramammen da tsutsa ta fi ci kuma ya tashi da lasar gindin daro. Wanda ya fi bukata shi ya fi samun kaɗan. Rabin magani kuma ba ya kashe tsutsa duka; masu taurin rai suna tsira, su hayayyafa, har a wayi gari ana cewa maganin bana ba shi da ƙarfi. A ganina nan ne gaba ɗayan maganar take. Kowace dabba a ware mata nata, a cuɗa maganin a ɗan damu kaɗan tun tana jin yunwa, a tsaya a kanta har ta lashe, sannan a kawo sauran abincin.

Ba kowane magani ke kashe kowace tsutsa ba. Ivermectin, wanda ya shiga kasuwar dabbobi a 1981, har ya jawo wa Satoshi Omura na Japan da William Campbell kyautar Nobel a 2015, yana maganin tsutsar ciki da wasu ƙwarin fata, amma shi kaɗai ba ya taɓa tsutsar hanta. Albendazole yana taɓa manyanta, sai dai ba a ba saniya shi a kwana 45 na farkon ciki. Jiƙon sassaƙen maɗaci da dattawa ke bayarwa ba abin rainawa ba ne, amma ƙarfinsa yana bambanta daga wannan jiƙo zuwa wancan.

Ta fannin kaji, iri biyu ne a gari. Masu kiwon kajin gidan gona suna sayen abincin buhu, kuma yawancin abincin 'yan tsaki tun daga kamfani ake haɗa shi da maganin kashin jini. Wata ƙwayar halitta ce da ido ba ya gani ke kawo cutar, tana cin bangon hanji, ta fi kama 'yan tsaki masu mako 3 zuwa 6. Za ka gan su sun takure a lungu, fiffike a sake, kashinsu da jini. A nan abinci mai magani yana aiki sosai, tunda kazar ba ta cin komai sai shi. Amma in mai kiwo ya ga buhu ya yi tsada ya riƙa surka shi da dusar masara, ya surka maganin ke nan. In kuma shimfiɗar ɗakin ta jiƙe a gindin mazubin ruwa aka bar ta, cutar za ta rinjayi maganin.

Kazar gida kuwa yini take tana tono a bola da garke, tsakin da ake watsa mata da safe ɗan taɓawa ne kawai. Maganinta a ruwan sha ya fi shiga: piperazine domin tsutsa, amprolium domin kashin jini, a rufe kajin har su sha. Ƙumar da ke hana mai kwanci zama kan ƙwai, share akurki da toka da hodar ƙwari ne maganinta. Annobar da ke share kaji lokacin hunturu ba tsutsa ba ce. Rigakafi take so, irin wanda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom ke yi, cibiyar da aka kafa tun 1924.

Akwai abin da ya kamata kowane mai jaki ko doki ya ji. Wasu abincin kaji suna ɗauke da wani magani mai suna monensin, wanda kaɗan daga cikinsa kan iya lalata zuciyar doki ko jaki har ya mutu. A gidan da jaki ke ɗaure kusa da akurki, kada a zuba masa ragowar buhun kaji da sunan gudun ɓarna.

Sai kuma haƙƙin mai saye. Magunguna da yawa suna da kwanakin da ake jira kafin a yanka dabba, ko a sha nononta, ko a ci ƙwan kaza, kuma an rubuta su a jikin kwali. Da Turanci aka rubuta, mai turke kuwa sau da yawa bokonsa bai yi nisa ba. Nonon da aka tatsa washegarin ba da magani, yara ne za su sha shi da fura.

Jami'an lafiyar dabbobi na jihar Zamfara, da ma'aikatar kiwo ta tarayya da aka kafa a 2024, ya kamata su kawo wannan bayani da Hausa a rediyo da ranakun kasuwa, musamman farkon damina da ƙarshenta, lokacin da ake ba da maganin tsutsa. Kai kuma mai kiwo, duba lambar NAFDAC da ranar lalacewar magani kafin ka biya, ka sa mai shago ya karanta maka awon da kwanakin jira, sannan ka ba kowace dabba nata ita kaɗai.