Bakwai Aka Gani, Tara Suka Zo

Halima Cisse 'yar Timbuktu ce, a arewacin ƙasar Mali, matar wani soja mai suna Abdelkader Arby. Shekarunta 25 a duniya, haihuwarta ɗaya, 'ya mace, lokacin da ta samu cikin da ya sa sunanta ya zaga duniya. Da aka ɗora mata na'urar hoton ciki, likitoci suka ƙirga, suka ce mata 'ya'ya bakwai ne kwance a cikinta.

Irin wannan labari, dangi za su ji shi su yi kabbara, amma likita idan ya ji shi gabansa ne ke faɗuwa. Mahaifa tana iya rainon ɗa ɗaya har wata tara cikin sauƙi. Da sun zama biyu, aikin zuciyar uwa ya ƙaru, jininta ya soma ƙaranci saboda masu jansa sun yi yawa, hawan jini mai kai mace ga jijjiga ya matso kusa, naƙuda kuma ta kan zo tun lokaci bai yi ba. To ina ga bakwai?

Aka ɗauko Halima daga Timbuktu zuwa Bamako, aka kwantar da ita a babban asibitin Point G har mako biyu. Likitocin can suka yi abin da ya kamata a yaba musu: suka faɗa wa hukuma gaskiya cewa wannan haihuwa ta fi ƙarfin kayan aikinsu. Ko da an ciro jariran da rai, ina kwalaben da za a saka su, ina ma'aikatan da za su tsaya a kansu dare da rana? Shugaban riƙon ƙwarya na lokacin, Bah N'Daw, ya ba da umarni a kai ta ƙasar Maroko, gwamnati ta ɗauki nauyi. Ranar 30 ga Maris, 2021, jirgi ya tashi da ita zuwa Kasablanka, aka kwantar da ita a asibitin Ain Borja. Maigidanta ya zauna a Mali tare da babbar 'yarsu.

Lokacin da ta isa, cikin yana mako na 25. Cikakken ciki mako 40 ne. Jaririn da ya faɗo a mako na 25 huhunsa bai nuna ba, fatarsa ba ta iya riƙe ɗumi, hanjinsa bai shirya karɓar nono ba, kuma ko a manyan asibitocin Turai ana rasa da yawa daga cikin irinsu. Saboda haka babban aikin likitocin Kasablanka shi ne su hana haihuwar zuwa da wuri. Suka kwantar da ita, suna auna jininta, suna duba jariran, suna lallaɓa cikin kwana bayan kwana. Da haka suka ja shi har mako biyar. Duk wanda ya san aikin bakwaini zai gaya maka waɗannan makonni biyar su ne, da ikon Allah, suka raba labarin Halima da na matan da suka gabace ta.

Don kuwa an taɓa haifar 'yan tara kafin ita. An yi a birnin Sidni na Ostareliya a 1971, an sake yi a Malesiya a 1999, kuma a duka biyun babu jariri ko ɗaya da ya rayu. Wata 'yar Najeriya ma, Nkem Chukwu, ta haifi takwas a birnin Houston na Amurka a watan Disambar 1998, bayan ta yi makonni a kwance a gadon asibiti an karkata kanta ƙasa don kada cikin ya sauko. Ƙaramar cikinsu ta rasu bayan mako guda, bakwai suka rayu.

Ranar Talata, 4 ga Mayu, 2021, ana cikin azumin Ramadan, naƙuda ta taso wa Halima, aka shiga da ita ɗakin tiyata. Likitoci goma da ma'aikatan jinya 25 ne suka taru a kanta. Aka ciro na farko, na biyu, na uku, ana miƙa kowanne ga masu jiransa, har aka kai bakwai ɗin da aka yi shiri dominsu. Sai ga na takwas. Sai ga na tara. Hoton da aka ɗauka a Mali da wanda aka ɗauka a Maroko duk sun ɓoye biyu, saboda cunkoson da ke cikin mahaifar. Mata biyar, maza huɗu, nauyinsu daga giram 500 zuwa wajen kilo ɗaya. Mai karatu, ɗauki ledar fiya wata guda ka ɗora a tafin hannunka: nauyin ƙaramin cikinsu ke nan.

Ana ta kai jarirai kwalba, ita kuwa uwar jini ya ɓalle mata. Wannan shi ne abin da ungozomomi suka fi tsoro ga mai tagwaye ko 'yan uku. Mahaifar da ta buɗe fiye da kima takan kasa tsukewa bayan haihuwa, jijiyoyin da mabiyiya ta rabu da su su zauna a buɗe, mace ta tsiyaye cikin ɗan lokaci kaɗan. Halima ta tsira ne saboda akwai jini a ajiye, akwai kuma masu tsayar da zubar a tsaye kusa da ita. Ministar lafiya ta Mali ta lokacin, Fanta Siby, ita ta sanar da duniya cewa uwa da 'ya'ya tara suna raye.

Daga nan aka shiga doguwar jinya. Jariran suka yi watanni a kwalba, ana ba su abinci ta siririn bututu. Mahaifinsu bai samu ganinsu ba sai bayan makonni da dama, saboda takunkumin tafiye-tafiye na cutar korona. An sa wa ɗaya daga cikin mazan sunan Sarkin Maroko, Muhammad na Shida, wani kuma aka sa masa Bah, sunan shugaban da ya tura uwarsu neman magani, wanda sojoji suka sauke kwana ashirin kacal bayan haihuwar. Bayan an sallame su, iyalin suka zauna a wani gida a Kasablanka inda ma'aikatan jinya ke taya su raino. Sai ranar 13 ga Disamba, 2022, bayan wata 19, suka sauka Bamako, su tara cif. Kundin bajinta na Guinness ya rubuta su a matsayin 'ya'ya mafi yawa da aka haifa a haihuwa ɗaya suka rayu.

Mu a nan Jalingo ta jihar Taraba, da wuya a samu unguwar da ba ta da Hassan da Usaini ko Hassana da Usaina. Afirka ta Yamma na cikin yankunan da aka fi haihuwar tagwaye a duniya. Mun tanadar musu suna tun kafin su zo, har wanda zai biyo bayansu mun ajiye masa Gambo. Muna tsoron ɓata musu rai, ana cewa suna da baiwa. Abin da ke damuna shi ne ƙarancin tanadin da muke yi wa wadda ke ɗauke da su. Wani bincike da aka buga a 2017 ya nuna cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, cikin kowane tagwaye biyar ɗaya ba ya kai shekara biyar, kusan ninki uku na sauran yara. Fiye da rabin tagwaye kuma kafin cikar mako 37 ake haifarsu.

Ba wanda zai turo wa matar manomi a Zing ko Bali jirgi zuwa Maroko, kuma mai tagwaye ba ta buƙatar hakan. Abubuwan da suka ceci Halima guda uku suna nan a hannunmu: an san abin da ke cikinta tun da wuri, an matsar da ita kusa da likita kafin naƙuda, an kuma tanadi jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi wa kowace mai ciki hoto sau ɗaya kafin mako na 24, ta kuma je awo sau takwas. Hoton nan ana yinsa a Asibitin Tarayya na Jalingo da Asibitin Ƙwararru na jiha da wasu asibitocin kuɗi a cikin gari. Shi zai nuna ko biyu ne, ko mabiyiya ɗaya suke ci, wanda ya fi haɗari, da kuma yadda kowanne ya kwanta.

Wannan kwanciyar ita ce ta sa haihuwar tagwaye a gida take da ban tsoro. Hassan ya fito lafiya, mata su yi guɗa, ashe Usaini ya gicciye a ciki. A jira shi, a ba ta rubutu, a danna ciki, rana ta faɗi, sannan a fara neman mota. Wanda ya san Taraba ya san abin da neman mota yake nufi. Daga Gembu a saman tsaunin Mambila zuwa Jalingo tafiyar yini ce. Mutanen Karim Lamido sai sun ƙetare Binuwai. A daminar 2024 ruwa ya karya gadar Namnai a kan hanyar Wukari, matafiya suka koma shiga kwalekwale. Macen da ke zubar da jini ba ta da waɗannan awowi.

Don haka, maigida, idan an ce maka iyalinka tagwaye ne a cikinta, to daga wata na bakwai ka nemi gidan ɗan uwa kusa da asibitin da ke iya yin tiyata, ka kawo ta ta zauna. Ka nemi mutum biyu ko uku cikin dangi a gwada jininsu tun yanzu. Ka sauke mata tulu da taɓarya, ka ga tana shan maganin ƙarin jinin da aka ba ta a wurin awo. Ranar da ta ce kanta na sarawa, ko tana ganin dishi-dishi, ko fuska da hannuwa suka kumbura, ko faya ta fashe kafin lokaci, ko ta ga jini ko kaɗan ne, kada ka ce a bari gari ya waye. Ka ɗauke ta a daren.