Manufar Cibiyar Nazarin Bauta da Adalci ta Jami'ar Brown

Hausawa kan ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wannan karin magana ya dace da Jami'ar Brown da ke jihar Rhode Island a Amurka, wadda ta kafa cibiya domin nazarin bauta da wariyar launin fata, ta kuma soma binciken daga cikin gidanta.

A shekarar 2003 shugabar jami'ar, Ruth Simmons, wadda ita ce baƙar fata ta farko da ta riƙe wannan muƙami, ta naɗa kwamiti ya binciko dangantakar jami'ar da cinikin bayi. Rahoton da ya fito a 2006 ya nuna cewa a 1764, shekarar da aka kafa makarantar, attajiran gidan Brown, waɗanda daga baya aka sa wa jami'ar sunan zuriyarsu, sun aika jirgin ruwa mai suna Sally zuwa Afirka ta Yamma. Jirgin ya kwaso mutum 196, aƙalla 109 daga cikinsu suka halaka. Haka kuma an gano cewa akwai bayi cikin waɗanda suka yi aikin ginin farko na jami'ar a 1770.

Bisa shawarar wannan rahoto aka buɗe cibiyar a 2012, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Anthony Bogues, kuma a 2023 aka raɗa mata sunan Ruth Simmons.

Ana iya kasa manufarta kashi uku. Na farko shi ne bincike, wato tono tarihin bauta da bin sawunta cikin rayuwar yau, kamar yawan baƙar fata a gidajen kurkuku, da bambancin da ake nuna musu wajen kiwon lafiya, da fataucin mutane. Na biyu shi ne koyarwa da horar da ɗaliban da za su ci gaba da aikin. Na uku kuwa shi ne fitar da ilmin daga harabar jami'a zuwa ga jama'a, ta hanyar laccoci da nune-nune da shirye-shirye domin 'yan sakandare.

Abin lura a nan shi ne, kiran da cibiyar ke yi ga adalci ya sami nauyi ne domin jami'ar ta fara bayyana laifin da ke cikin tarihinta, kafin ta nuna wa wani yatsa.