Me Ya Sa Randarmu Ba Ta Ƙyalli?

'Yan'uwa ɗalibai, mu juya naira ashirin. Matar da ke baya Ladi Kwali ce, maginiyar tukwane. A 1954 ta shiga cibiyar Michael Cardew a Suleja, inda ake shafa wa tukunya haɗin toka, yumɓu da garin dutse, a gasa har haɗin ya narke ya zama kamar gilashi.

Mu a Sabon Birni da Isa ba ma yi wa randa haka, kuma ba rashin iyawa ba ne. Jikinta na da ƙananan ƙofofi da ruwa ke tsattsafowa ta ciki. Iska ta busar da shi, ruwan ciki ya yi sanyi. Da an toshe ƙofofin nan, ruwan ɗumi za mu sha da bazara.