Rigar Nutso: Wacce Ta Dace Da Ruwanmu?

Shirinmu na yau daga bakin ruwa zai fara.

Duk wanda ya taɓa sammako zuwa madatsar Mairuwa ko ta Gwaigwaye a ƙasar Funtua, ko madatsar Malumfashi, a tsakiyar hunturu, ya san abin da zan faɗa. Taru ya maƙale a kututture can ƙasa. Masunci ya tuɓe riga, daga shi sai gajeren wando, ya ja numfashi ya nutse. Ya fito, ya koma, ya sake fitowa. Kafin ya kwance tarun, leɓɓansa sun bushe, haƙora na kaɗawa, yatsu sun ƙi kama igiya. Sai abokan aikinsa su tara kara su hura masa wuta.

Mu nan mun ɗauka sanyin ruwa abin Turawa ne. Ba haka ba ne. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki kusan ninki 25 fiye da iska. Saboda haka ko a bazara, lokacin da saman ruwa ya yi ɗumi kamar an ɗora shi a murhu, wanda ya yi awa biyu yana shiga yana fita zai ji a jikinsa.

Maganin wannan shi ne rigar nutso. Ana yin ta da wata roba mai kama da soso, wadda kamfanin DuPont na Amurka ya ƙirƙiro a 1930. A 1952 wani masanin kimiyya a Jami'ar Kalifoniya, Hugh Bradner, ya ɗinka riga da ita. Ku lura, ba hana ruwa shiga take yi ba. Ɗan ruwa kaɗan ne ke shiga, ya tsaya tsakaninta da fata, jiki ya ɗumama shi. Dubban ƙwayoyin iskar da ke cikin robar kuma su tare zafin, su hana shi fita.

To a nan ne mai saye ke yin kuskure. Idan ya ci karo da irin wannan riga a cikin dilar gwanjo, sai ya zaɓi mafi kauri, wai ita ce mai ƙarko. Mai kaurin milimita 5 ko 7 don tekun ƙasashen sanyi aka yi ta. Ka sa ta a Mairuwa, za ta riƙa cilla ka sama kamar ka rungumi gora, kana neman ƙasa tana neman sama. Masu amfani da ita sai sun ɗaura dalma a ƙugu kafin su nutse, ga ta kuma da matse ƙirji, alhali mai nutso ba shi da jari sai numfashinsa. A waje kuma, cikin rana, dafa ka za ta yi.

A ganina, mai milimita ɗaya da rabi ko 2 ta wadatar a bazara da damina. Mai 3 a ajiye wa Disamba da Janairu. Kuma ta kama jiki sosai: in ta yi burum-burum a hammata ko a gadon baya, ruwan sanyi zai riƙa shiga yana fita, ka yi asarar kuɗinka. Ka lanƙwasa ta a hannu tun a kasuwa. In ta tsattsage ko ta ƙi dawowa, ta mutu. Ka duba zif, ka duba ɗinki. Mai lulluɓin yadi a ciki da waje ta fi jure ƙayar kurungu da kaifin kututture.

Su masu farautar kifi da bindigar mashi a teku, da ido suke aiki, shi ya sa suke neman riga mai launin ciyawar ruwa. Namu ruwan ja ne, da lalube ake kama tarwaɗa, launi bai dame mu ba.

Kada wani ya ce sa riga ragwanci ne. A tsibirin Jeju na Koriya ta Kudu, matan da ke nutso ba tukunyar iska sun daɗe suna shiga teku da tufafin auduga, sai a shekarun 1970 suka koma na roba, suka ƙara daɗewa a ruwa. A 2016 hukumar UNESCO ta sa sana'arsu cikin jerin al'adun duniya, a shekara ɗaya da bikin kamun kifi na Argungu.

Sai dai riga ba ta hana tsargiya. Wanda ya ga jini a fitsari ya nufi asibiti. Ba ta kuma ƙara numfashi. Wasu samari kan yi ta jan iska da sauri-sauri kafin su nutse, wai don su daɗe. Wannan dabara tana sa mutum ya suma a ƙasan ruwa ba tare da ya ji alama ba.

Don Allah sarakunan ruwa da manyan masunta, ku kafa wa yaranku doka: kada kowa ya nutse sai da wani a kwalekwale yana jiran fitowarsa.