Rabon Izinin Gyara a Shafin Intanet na Jami'a

Duk abin da ya bayyana a shafin intanet na jami'a, ɗalibai da iyayensu da masu neman gurbin karatu suna ɗaukarsa a matsayin maganar hukumar jami'ar, alhali kuwa hannaye da yawa ne suke rubuta shi, tun daga ofishin magatakarda da tsangayoyi da sassa har zuwa ɗakin karatu da ofishin kula da harkokin ɗalibai. Saboda haka tambayar wanda aka yarda ya rubuta, da wanda aka yarda ya wallafa, da wanda yake da ikon gogewa, tambaya ce ta shugabanci kafin ta zama ta fasaha, domin kuskure ɗaya a ranar rufe rajista ko a adadin kuɗin makaranta yana iya jefa dubban mutane cikin ruɗani kafin a ankara.

Jami'o'i da yawa suna gina shafukansu a kan manhajar sarrafa bayanai, wato manhajar da ke ba ma'aikacin da bai iya rubuta harshen kwamfuta ba damar shigar da rubutu da hotuna, kuma WordPress, wadda ta fito a 2003, da Drupal, wadda ta fito a 2001, suna cikin waɗanda aka fi sani. A irin wannan manhaja akwai izini, wato damar yin aiki guda ɗaya kamar ɗora hoto ko wallafa sanarwa, akwai kuma matsayi, wato tarin izini da aka haɗa a ƙarƙashin suna ɗaya, ta yadda duk wanda aka ba matsayin yake samun izinin da ke cikinsa. David Ferraiolo da Richard Kuhn, masu bincike a hukumar NIST ta Amurka, sun tsara wannan hanya a 1992, kuma amfaninta shi ne ana ɗaura izini a kan aiki, sannan a naɗa mutum a kan aikin, saboda idan mutumin ya tashi a naɗa wani ba tare da an sake lissafin izini ɗaya bayan ɗaya ba.

WordPress tana zuwa da matsayi biyar a kowane shafi. Na ƙasa shi ne mai rajista, wanda ba ya iya taɓa komai sai bayanan kansa. Sama da shi akwai mai ba da gudummawa, wanda yake rubuta daftari amma ba ya iya wallafa shi, ba ya kuma iya ɗora hoto, sai marubuci, wanda yake wallafa rubutunsa amma ba shi da iko a kan na wani. Edita yana gyarawa da wallafawa da goge rubutun kowa, shi kuwa mai gudanarwa yana ƙara sababbin mutane, yana canza matsayinsu, yana kuma girka ƙananan manhajoji da sauya fasalin shafin baki ɗaya. Tun daga 2010 manhajar ta ba da damar haɗa shafuka da yawa a inuwa ɗaya, inda babban mai gudanarwa yake riƙe da dukkansu, kowace tsangaya kuma take da nata shafin da nata editoci, wanda hakan ya dace da jami'a, domin editan tsangayar shari'a ba shi da dalilin shiga shafin tsangayar aikin gona.

Ma'aunin da ake bi wajen rabon shi ne ƙa'idar mafi ƙarancin izini, wadda Jerome Saltzer da Michael Schroeder suka bayyana a 1975, kuma ma'anarta ita ce kada a ba kowa izinin da ya wuce abin da aikinsa yake buƙata. Sakataren sashe da aikinsa shi ne shigar da jadawalin jarrabawa, matsayin mai ba da gudummawa ya wadatar da shi: ya rubuta daftari, ya miƙa, jami'in jarrabawa na sashen ya gwada ranakun da takardar da aka amince da ita, sannan ya wallafa. Idan aka rubuta Talata a inda ya kamata a rubuta Laraba, ido na biyu zai kama kuskuren kafin ɗalibai su gani, idan kuma ya wuce, manhajar tana adana tsofaffin kwafi tare da sunan wanda ya yi kowane gyara da lokacin da ya yi shi, don haka ana iya mayar da rubutun yadda yake.

Wannan adanawa tana rasa amfaninta a duk inda ofishi guda yake amfani da asusu ɗaya da kalmar sirri ɗaya, wadda a wasu lokuta ake rubutawa a takarda a manna a jikin kwamfuta, domin idan an yi ɓarna babu yadda za a san hannun da ya yi ta. Haka nan izini yakan taru a hannun ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki aka ƙara masa sabon matsayi ba tare da an karɓe tsohon ba, kamar wanda ya bar ofishi ya tafi da makullinsa. Ɗalibin da ya zo sanin makamar aiki da mai yi wa ƙasa hidima, waɗanda ake yawan danƙa wa aikin shafi saboda sun fi sabawa da kwamfuta, sukan gama wa'adinsu su tafi asusunsu yana nan a buɗe, kuma irin wannan asusun da babu mai lura da shi ne masu kutse suka fi samun sauƙin shiga ta cikinsa. A Nijeriya, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa duk hukumar da ke riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su, kuma sunayen ɗalibai da lambobinsu da sakamakonsu suna cikin irin waɗannan bayanai.

Gyaran wannan matsala ya fi dogara ga tsarin ofis fiye da sayen sabuwar manhaja. Ya kamata kowane shafi ya kasance da ofishin da yake amsa tambaya a kansa, kowane ma'aikaci ya sami asusunsa da sunansa, buƙatar izini ta zo a rubuce daga shugaban sashe, matsayin mai gudanarwa kuma ya tsaya a hannun mutane ƙalilan na sashen fasahar sadarwa, waɗanda za su riƙa shiga da tabbaci mai mataki biyu, wato kalmar sirri haɗe da lambar da ke zuwa ta waya. A farkon kowane zangon karatu a fitar da jerin masu izini a gwada shi da jerin ma'aikata, sannan a sanya rufe asusu cikin takardar sallama da ma'aikaci yake zagayawa da ita kafin ya bar aiki, ta yadda ba za a sa masa hannu na ƙarshe ba sai an tabbatar cewa an karɓe izininsa.