Jaridu da Sha'anin Sulhu a Ingila, 1711-1713

Kafin shekarar 1695 dokar Ingila ta hana buga littafi ko jarida sai da iznin hukuma. Da dokar nan ta faɗi, jaridu suka yawaita a Landan, har a 1702 aka fara Daily Courant, watau jaridarsu ta farko mai fitowa kullum. Tun daga sa'an nan sha'anin jakadu, wanda dā asiri ne tsakanin sarakuna, ya soma fita kasuwa.

Sulhun da ya ƙare yaƙin gadon sarautar Sifen ya isa misali. A 1711 gwamnatin Sarauniya Anne ta gaji da yaƙin, ta aiki Matthew Prior zuwa Faris a ɓoye, aka tsara sharuɗɗan farko da Faransa ba da sanin ƙawayen Ingila ba. Da aka nuna wa jakadun ƙawayen wani sashe na sharuɗɗan, sai Gallas, jakadan Ostiriya, ya miƙa wa Daily Courant, ta buga cikin watan Oktoba, domin mutanen Ingila su ƙi sulhun. Sarauniya ta husata, ta hana shi shiga fada.

Gwamnati ma ta kama alƙalami. Jonathan Swift ya rubuta mata ɗan littafi, yana cewa ƙawayen ke cin ribar yaƙin, Ingila ke biyan kuɗi. A 1712 aka ɗora wa jaridu haraji, a 1713 kuwa aka ƙulla sulhu a Utrecht.

Saboda haka mai nazarin jaridun zamanin nan, in ya ga labarin jakadu, ya kamata ya fara tambayar wanda ya kai shi, da abin da yake nema.